Kafin Ka Murɗa Makulli: Yadda Ake Ɗura wa Oyal Fam Mai

Duk wanda ya taɓa shiga fadama da rani ya ga abin da manomi yake yi kafin ya ja igiyar injin ban-ruwa. Sai ya kwance murfin da ke saman famfon, ya kamfato ruwa a bokiti ya ɗura har ya tumbatsa, ya mayar da murfin, sannan ya ja igiya. In ya yi garaje ya tsallake wannan, injin zai tashi lafiya lau, ya yi ta kuka yana shan fetur, bakin tiyo kuwa ko ɗigo. Famfon da iska ta cika wa ciki ba ya jan ruwa. Haka yake ga famfon baƙin mai da ke cikin injin mota, wanda makanikai suke kira oyal fam. Sai dai manomi asararsa ƙarama ce. Mai mota kuwa, in injinsa ya yi minti ɗaya ko biyu yana gudu babu mai a jikinsa, metal da karanshaf ne za su tafi.

Na ga haka da idona a wani gareji. An sauke injin wata Golf ta haya, an sa sabon ringi da sabon metal, an kai karanshaf an yanko, har oyal fam sabo aka saya. Ranar da aka ɗora injin la'asar ta yi sakaliya, mai motar yana tsaye yana ta duba agogo don yana son ya kama layin lodi da asuba. Yaron gareji ya juye galan ɗin mai, ya zaro geji ya duba, ya ce, "Oga, mai ya cika." Aka ba ta makulli, ta tashi tashi ɗaya. Jar fitilar nan mai siffar buta ba ta mutu ba. Wani daga gefe ya ce sabon aiki ne, a ba ta wuta za ta ɗauka. Aka taka totur sau biyu, sau uku. Kafin a ankara kukan injin ya canja, ya koma ƙwanƙwasa daga ƙasa. Washegari da aka kwance botom filet, metal ɗin da aka saya shekaranjiya sun ƙone sun yi baƙi, karanshaf kuma ya koma wurin masu yanka a karo na biyu. Man yana nan cike a botom filet, tas da shi kamar yadda aka zuba shi. Bai taɓa hawa sama ba.

Yadda famfon yake aiki, da dalilin da yake ƙin ja

Oyal fam ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Giya biyu ne suke cizon juna a cikin wani ɗan gida na ƙarfe ko na alminiyam. A injina da yawa na zamani kuma ƙaramar giya ce take juyawa a cikin babba mai haƙora ta ciki. Suna juyawa haƙoran suna rabuwa ta gefe ɗaya suna barin gurbi, mai ya taso daga botom filet ta wani bututu mai rariya a bakinsa ya cike gurbin, haƙoran su kwashe shi su zagaya da shi su matse shi ta ɗaya gefen. Daga nan ya ratsa filta, ya shiga babbar hanyar mai da aka huda a jikin bulok, ya rarrabu: wani ya je metal ɗin karanshaf, ya bi ta cikin hujin karanshaf ɗin zuwa metal ɗin kwanrod, wani ya hau tof silinda wurin kamshaf da tafet, in da tarbo a motar wani ya nufi can.

Tsakanin haƙoran giya da bangon gidansu akwai 'yar rata, kamar kaurin takarda. Baƙin mai ne yake toshe ta. In giyoyin a jiƙe suke, man da ya liƙe a jikinsu ya hana iska wucewa, sai famfon ya tsotsi iskar da ke cikin bututu ya fitar, mai ya biyo baya. Shi ya sa motar da ta kwana take kawo mai cikin daƙiƙa biyu ko uku da safe. In kuwa a bushe suke ƙayau, iska sai ta riƙa zamewa ta wannan ratar tana komawa baya, famfon ya yi ta dama iska kamar mai dama fura a ƙwaryar da babu nono. Famfon da ya tsufa, ratarsa ta ƙara faɗi, ya fi saurin faɗawa wannan hali. Haka ma wanda aka ɗora can sama a gaban karanshaf, nesa da man da zai jawo, ya fi wanda ke rataye a cikin botom filet wahalar kamawa.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin shi zai raba maka gardama nan gaba. Famfo tura mai kawai yake yi. Matsin mai, wanda ake ce wa furesha a gareji, yana samuwa ne saboda hanyar fitar man ƙunci ce. Ratar da ke tsakanin metal da karanshaf a ƙaramar mota ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.06 ba, wato da ƙyar ta kai kaurin gashin kai. Ka tuna yadda ruwa yake feshi da ƙarfi in ka danne bakin tiyo da babban yatsa, ya koma zuba salala in ka ɗage. To, injin da metal ɗinsa suka cinye kamar tiyon da aka ɗage wa yatsa ne. Ko ka ɗura wa famfonsa mai sau goma, matsi ba zai dawo ba.

Ita kuwa jar fitilar buta, wani ɗan suwic ne a jikin bulok yake kunna ta, kuma a yawancin motoci sai matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, wajen ba (ma'aunin matsi) 0.2 zuwa 0.5, sannan take kamawa. Mutuwarta ba shaida ba ce cewa komai lafiya. Kamawarta kuwa inji yana aiki, in suwic ɗin lafiya yake, na nufin kusan babu komai a hanyar mai.

Yaushe ake bukatar wannan aiki

Juyen mai na yau da kullum ba ya bukatarsa, domin giyoyin famfo suna nan a jiƙe. Inda ake bukatarsa shi ne bayan an yi wa inji babban aiki an wanke komai da fetur ko kalanzir, ko an canja oyal fam, ko an cire bututun rariya, ko motar ta shekara a ajiye a ƙarƙashin bishiya. Sai kuma babban wurin da aka fi sakaci da shi: injin Beljiyam. Injin da ka sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, an tsiyaye mansa tun kafin a sa shi a kwantena, kuma babu mai iya gaya maka wata nawa ya yi a kwance, wani lokacin ma a kife. Mai sayarwa zai ce maka "ɗora ka tayar." Kada ka ɗora ka tayar. Kwance botom filet tun yana ƙasa, ka ga abin da ke cikinsa, ka wanke rariya, ka zuba kamar cokali guda na mai a kowace silinda ta ramin fulogi, ka sa sifana a notin fulin karanshaf ka juya shi da hannu zagaye biyu, ka ji ko yana tafiya sumul.

In kuwa mota ce da take aiki lafiya sai kwatsam fitila ta kama a hanya, to ba a fara da zargin iska a famfo. Gangara gefe ka kashe ta nan take, ba sai ka kai gari na gaba ba. Zaro geji ka duba mai. In da mai, sai a duba suwic ɗin da wayarsa, domin suwic ɗin yakan lalace, wayar kuma in ta goge ta taɓa jikin inji fitila za ta kama ko da matsi lafiya yake. Hanyar raba gaskiya da zato ita ce agogon awon matsi mai allura, wanda ake ɗaurawa a ramin suwic ɗin. Ni a ganina garejin da yake sauke inji amma ba shi da wannan agogo, aikin lalube yake yi. 

In famfon yana hannunka

Mafi sauƙin lokacin ɗura mai shi ne kafin a ɗaura famfon. In irin wanda ke zama a cikin botom filet ne, tsoma bakin rariyarsa a cikin kwano mai tsabta da ka zuba sabon mai, ka juya sandarsa da hannu har ka ga mai yana bulbulowa ta mafita babu kumfa. In ka juya ka juya bai ja ba alhali ka jiƙa giyoyinsa, to ka gode Allah da ka gane tun yana ƙasa, ka mayar wa mai shago kayansa. Sabon kwali ba ya nufin famfo mai kyau, musamman a kasuwar da jabu ya yi yawa.

In kuwa irin na gaban karanshaf ne, kamar na Corolla mai injin 1ZZ ko tsohuwar Hilux mai 22R, man da ka zuba zai iya tsiyayewa kafin ka gama haɗa injin, wanda kan ɗauki kwana biyu ko uku. A nan ne man basilin yake da rana. Buɗe murfin famfon, ka cusa farin basilin, wanda ba a sa masa turare ko kala ba, a tsakanin haƙoran giya har ya cike duk wani gurbi, ka mayar da murfin ka ɗaure. Basilin ba ya zuba, yana toshe ratar nan da iska take bi, kuma da giyoyin sun fara juyawa suka tura shi gaba, sai su bar gurbin da zai tsotso mai da ƙarfi. Yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 60 ba, inji kuwa yana aiki a wajen digiri 90, saboda haka da inji ya ɗumama sai ya narke ya bi mai. Wannan ba dabarar bakin titi ba ce. Tsohon injin Rover V8 da ke cikin Range Rover ta da, littafin gyaransa ma haka ya ce a yi wa famfonsa.

Abin da ba a sawa shi ne giris. Na san da yawa shi suke shafawa don shi ne a kusa, a gwangwanin da ke ƙarƙashin benci. An yi giris ne don ya jure zafi kada ya narke, to ka ga kuwa ba abin da za ka tura cikin hujin da bai fi tsinken ashana ba ne. Yana iya zama a filta, ko ya toshe 'yar hanyar da take kai mai tof silinda. Ga kuma ƙasar da ke cikin gwangwanin da kowa yake tsoma yatsa.

Tunda famfon yana hannu, duba abu biyu. Na farko bawul ɗin rage matsi, wani ɗan fistin ne da sifirin a bayansa, wanda yake buɗewa ya mayar da mai botom filet in matsi ya yi yawa. Danna shi ka ga yana shiga yana dawowa ba tare da ya sarƙe ba. In datti ya riƙe shi a buɗe, famfo zai ja mai sarai amma ya riƙa zubar da shi ta baya. Na biyu mahaɗar bututun rariya da famfo. Gasket ne ko zoben roba a wurin, kuma sabo ake sawa kowane lokaci. Zoben da ya bushe ko ya tsage wurin sawa, iska za ta riƙa shiga ta nan, kamar mai shan lemo da tsinken roba da ya fashe a tsakiya: ka yi ta zuƙa, kumfa kawai kake samu.

Sai maganar gam. Yaran gareji suna son matsa gam ɗin gasket kamar suna shafa wa burodi bota. Abin da ya fito ta waje kana ganinsa, to daidai shi ya fito ta ciki, kuma wannan na cikin zai ɓalle ya faɗa cikin mai ya taru a rariya. Na sha ganin rariyar da aka ciro ta cike da igiyoyin gam ja da baƙi. Siririn layi ya isa.

In an riga an haɗa injin

Sau da yawa sai an ɗora inji an ɗaure komai sannan a tuna. Ba sai an sake saukewa ba.

Fara da ta wurin filta. Kwance filtar ka dubi mazauninta a jikin bulok. Za ka ga bututu mai zare a tsakiya, da wani rami a gefensa. Na tsakiya shi ne hanyar da tataccen mai yake shiga inji, na gefen kuwa shi ne wanda ya taho daga famfo. Na gefen kake so. Sa siririn tiyo mai tsabta a ciki, ka ɗura mai da mazurari ko babban sirinji, a hankali, kana ba shi lokaci ya gangara. Kofi ɗaya zuwa biyu yakan isa ya kai ga giyoyin ya jiƙa su. Wasu makanikai sukan juya injin baya kaɗan da sifana don famfon ya zuƙe man da ake ɗurawa. Dabarar tana aiki, amma ni ba na ba da shawararta a injin da ke da tayimin cen ko bel, domin in aka juya baya sarƙar takan saki ta tsallake haƙori, ka je neman ƙiba ka samo rama. Ita ma filtar, in a tsaye take bakinta yana kallon sama, cika ta da sabon mai kafin ka ɗaura, ka shafa mai a robarta, ka ɗaure da hannu. In a kwance take ko a kife, zuba kaɗan ka jujjuya ta takardar ciki ta sha.

Idan injin mai distirbuta ne irin wanda gindin distirbutar yake juya sandar famfo, kamar Golf 3 mai injin 1.8 na fetur, to ka yi sa'a, domin za ka iya juya famfon shi kaɗai inji yana tsaye cik. Kawo fistin na ɗaya sama a kan tayimin, ka yi alama a jikin distirbuta da bulok, ka yi wata alamar inda rota take kallo, kuma ka lura da ɓangaren da rotar take juyawa in ana juya inji. Zare distirbutar. Leƙa ramin da tocila za ka hango kan sandar famfo. A samo ƙarfe dogo a gyara bakinsa ya dace da kan sandar, ko a yi amfani da sandar tsohuwar distirbuta da aka cire wa giya. Ɗaura shi a injin huji, ka juya ta ɓangaren da rota take bi. Da farko zai yi ta gudu fayau babu nauyi. Can sai ka ji ya yi nauyi a hannunka, kukansa ya sauka, kamar an kama shi. Wannan nauyin shi ne mai, famfo ya kama ke nan. Riƙe da kyau don yakan fizgi hannu. Ci gaba da juyawa, wani kuma ya sa sifana ya riƙa juya karanshaf gaba kaɗan-kaɗan, domin hujojin karanshaf su daidaita da hanyoyin mai ɗaya bayan ɗaya. Buɗe murfin zuba mai ko ka cire murfin tof gaba ɗaya, kada ka tsaya sai ka ga mai yana tsattsafowa a wurin kamshaf. Kafin ka ɗauko injin hujin, tabbatar giyar da ke gindin distirbutar ta fito tare da ita. A wasu injina takan zauna a cikin bulok, kuma in tana nan famfon ba zai juyu shi kaɗai ba. Ka kuma ɗaure ƙarfen sosai, kada ya suɓuce ya faɗa ciki.

Motocin da suka cika titi yanzu ba su da distirbuta. Famfonsu ko dai a kan karanshaf yake kai tsaye, ko sarƙa ce take ja shi daga karanshaf kamar na Camry mai injin 2.4. Irin waɗannan hanya mafi kyau ita ce a tura musu mai daga waje ta ramin suwic ɗin fitila. Akwai tulun da aka ƙera don haka, amma famfon feshi ƙarami irin na lambu, sabo fil wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ko ruwa ba, yana yin aikin. A cire kan feshin, a haɗa tiyonsa da wani ɗan bututu mai zare daidai da na suwic ɗin, a ɗaure da kilif. Zuba lita biyu daga cikin man da injin zai sha, ka buga iska, ka saki a hankali. Man zai cika babbar hanya ya kai ga kowane metal tun inji bai motsa ba. Kada ka bari tulun ya ƙare ƙaf ya tura iska a bayan man, kuma ka lissafa abin da ka tura cikin adadin man injin don kada ya yi yawa. Wannan hanya takan cika inji, amma ba lalle man ya koma baya har cikin famfo ba, saboda filta tana da robar da take hana mai komawa. Don haka a haɗa ta da ɗurin ramin filta da na ambata.

Juyawa da kik ba tare da inji ya tashi ba

Ko wace hanya ka bi, wannan shi ne mataki na ƙarshe kafin tayarwa, kuma shi ne wanda aka tsallake a garejin da na ba da labari. Sa giya a furi, ka ja birkin hannu. Cire fulogai duka. In babu fulogi babu matsin iska a silinda, saboda haka kik zai juya injin da sauri kuma babu nauyin da yake danne metal. Sannan ka hana fetur da wuta zuwa: cire fiyus ko rile na famfon fetur ko na injekta, ka zare soket ɗin koyil. Kada ka raina wannan. Ramin fulogi a buɗe yana feso tururin fetur, ga wayar fulogi tana reto tana tartsatsi a gefe, gobara ce take jiran lokaci. In mai kafireto ce, cire wayar da take kai wa koyil wuta. In ta gas ce mai tsohon injekta fam, zare wayar da take buɗe mata mai a jikin fam ɗin, ka kwance hita-hita in suna fita cikin sauƙi.

Batir ya zama cikakke. Batirin da yake jan inji da ƙyar ba zai juya famfo da saurin da zai tsotso mai ba. Murɗa makulli daƙiƙa 10 zuwa 15, ka saki, ka bar kik ya huta kamar minti ɗaya, ka sake. Idonka yana kan agogon matsi, ko a kan fitila in babu agogo. Galibi a zagaye na biyu ko na uku allura za ta motsa, fitila ta mutu, har ma ka ji saurin juyin ya ɗan sauka.

In ka yi sau uku babu labari, sassauta filta kamar rabin zagaye, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, wani ya murɗa kai kana kallo. Wani lokaci iska ce ta taru tsakanin famfo da filta ta rasa mafita, famfon kuma ba shi da ƙarfin tura ta ta cikin robar filta. Za ka ji huci, sai kumfa, sai mai. Da ka ga mai ka ce a saki makulli, ka ɗaure filtar, a sake murɗawa. Akwai kuma masu ƙara lita ɗaya a kan ƙa'ida don man ya matso kusa da famfo. In ka yi haka kada ka manta ka rage shi kafin a tayar, domin mai in ya yi yawa karanshaf yakan kaɗa shi ya yi kumfa.

In ka kai sau biyar ko shida har yanzu shiru, ajiye makulli. Ci gaba da murɗawa sai dai ya share ɗan man da aka shafa wa metal wurin haɗi, ya ƙona kik. Matsalar ta wuce iska, sai a buɗe. Abubuwan da aka fi samu: sandar da take juya famfo ba ta shiga gurbinta ba, ko an manta ɗan makullin da yake riƙe giyar sarƙa, zoben bututun rariya ya tsage ko an manta shi, rariya ta toshe, botom filet ya lotsa ciki ya manne da bakin rariya, abin da ramukan hanyoyinmu suka ƙware wurin yi, alhali ana son ratar kamar milimita 6 zuwa 10 a tsakaninsu, an cire toshiyar hanyar mai a jikin bulok lokacin wanki ba a mayar ba, ko kuma an yanka karanshaf zuwa 010 aka sa metal na sitanda, wanda ya bar ratar kwata na milimita inda ake son abin da bai kai gashi ba.

Tayarwar farko

Matsi ya zo, ka ga mai a tof da idonka. Yanzu mayar da fulogai da fiyus da soket, ka sake duba geji, domin filta da hanyoyin mai sun sha wani abu. In da tarbo, tabbatar an zuba mai ta bututun da yake shayar da ita. Tayar da injin ƙafarka nesa da totur. Fitila ta mutu cikin daƙiƙa biyar. In ba ta mutu ba, kashe, ko wane ne yake tsaye a kanka yana cewa a ba ta wuta. Ɗan ƙarar tafet na 'yan mintuna a injin da tafet ɗinsa suke aiki da mai ba abin tsoro ba ne, iska ce take fita. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa kuwa ba ta jira, kashe.

Leƙa ƙarƙashi ka duba gindin filta da suwic da bakin botom filet ko akwai yoyo. Sannan ka bar injin ya yi zafi sosai har fanka ta kama, domin awon gaskiya da zafi ake yinsa. Mai mai sanyi yana da kauri, ko injin da ya gaji zai nuna matsi mai kyau da safe. Injinan Toyota da yawa littafinsu yana neman aƙalla ba 0.3 a silo, da kuma tsakanin ba 2.5 ko 3 zuwa 5 in inji yana juyi 3,000 a minti. Tsofaffin makanikai a ƙasashen waje suna da ma'aunin kai-da-kai na kusan ba 0.7 ga kowane juyi 1,000. Lambar da ke littafin motarka ita ce a gaba da duk waɗannan.

In da sanyi matsi yana da kyau, amma da inji ya yi zafi fitila ta fara ƙyafta ido a silo, ba ɗuri ne ya gaza ba. Rata ce ta yi yawa a metal, ko famfon ya cinye. Abin da aka saba yi shi ne a juye man a zuba mai kauri, 20W-50, ko a ƙara wani abu mai yauƙi kamar zuma. Fitilar takan mutu, mai mota ya yi murna ya biya. A tsohuwar mota mai kafireto hakan yana iya jan kwana. A motar da kamfani ya rubuta wa 5W-30 ko 0W-20, mai tayimin da mai yake sarrafawa ta ƙananan hanyoyi, mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, ka rufe wata ɓaraka ka buɗe wata. Mafi muni shi ne wanda zai zare wayar suwic ko ya cire ƙwan fitilar ya ce ai ta cika damu. In za ka sayi mota ta hannu, murɗa makulli zuwa wuta kafin ka tayar: butar nan dole ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba tun farko, wani ya taɓa ta.

Injin da aka yi wa babban aiki, a yi masa juye da sabuwar filta da wuri, bayan kamar kilomita 500 zuwa 1,000, don a fitar da basilin da ɓurɓushin ƙarfen da sababbin kaya suke saki. In lokacin hunturu ake aikin, saboda ƙura a rufe duk ramin da aka buɗe da tsumma mai tsabta, mazurari da tiyo kuma kada a ajiye su a ƙasa.

Kai kuma mai mota, ranar da za a tayar da injinka ka je garejin da kanka, ka je da safe ba da magariba ba. Ka ce a cire fulogai a juya maka shi da kik, ka ga fitila ta mutu, a buɗe murfin mai ka leƙa ka ga mai yana gudana a kan kamshaf, sannan ka yarda a tayar. Duka-duka aikin bai wuce rabin awa ba.